Ina Kurɓa Ina Tofarwa, Ina Cewa Ban Sha Ba

Assalamu alaikum Edita. Lokacin da abin nan ya faru ni magidanci ne, ɗan Zariya, wanda ya yi karatun allo har hannunsa ya faɗa a rubutun ajami. Takardar zamana a London kuwa tana rataye ne da aikin da nake yi a wani shago a Deptford, na wasu Turawa masu gonar inabi a Kent. Mai shagon dattijuwa ce. Kakanta ne ya dasa inabin a gefen tudu maƙwabta suna yi masa dariya, sanyi ya kashe shukar sau biyu, ya sake dasawa. Mahaifinta ya gina rumbun gangunan katako, ita kuma ta kawo jar giyarsu birni. Ni direba aka ɗauke ni, kuma tun a nan ya kamata in tsaya in yi tunani.

Wata rana ta lura na gane kwalbar da ta lalace da hanci kawai, sai ta ce in riƙa zama cikin masu ɗanɗano. Al'adarsu a kurɓa, a juya a baki, a tofar a bokiti. Na ce wa raina ai tofarwa ba sha ba ce. Wata takwas ina haka. A ma'aunin masu shanta giyar ta kai: ja ce mai duhu kamar zoɓon da ya kwana, tana ƙamshin kanumfari da itacen ganga, tana barin bauri irin na goro a harshe. Duk wannan da ajami nake rubuta shi a ɗan littafina don kada 'ya'yana su karanta, sannan in mayar mata da shi Turanci a liƙa a shago.

Wata Juma'a a masallacin Whitechapel ina cire takalmi littafin ya faɗo. Wani tsoho Bakano ya tsince shi, ya riƙe da hannu biyu, ya zaci addu'o'i ne. Ya karanta layi biyu, ya ɗago ya dube ni.

"Malam, wa ya koya maka wannan hannun?"

Na ce mahaifina. Ya miƙo mini littafin.

Ranar Litinin na gaya wa dattijuwar ba zan sake ɗanɗanawa ba, ba zan kuma sake ɗaukar kwalba ba, alhali na san idan ta sallame ni sai dai in kwashi iyalina mu koma gida. Sai ta ce ba ta fahimci addinina ba, amma ba za ta yar da hanci irin nawa ba. Ta ce a gidansu duk lokacin girbi ana tace wa yara ruwan inabin farko tun bai fara tsami ba, ba wanda ya taɓa tunanin sayar da shi. Ko mutanena za su sha? Na tambayi malamai, na gindaya mata sharaɗi: ɗaki daban, kayan aiki daban. Ta yarda. Na ƙara wa ruwan inabin citta kaɗan. Da azumi ya zo, kafin goman ƙarshe ko kwalba ɗaya ba ta rage ba, kuma da wannan aikin aka sabunta mini takarda. Alhamdu lillahi.

Na tuba, ina kuma neman gafarar Allah. 'Yan'uwa da ke ƙasashen nan, ku kiyayi fatawar da mutum yake ba kansa saboda tsoron rasa takarda. Ni na ji tsoron bakina ya buɗe, ashe wata takwas ɗin nan amsar tana jira ne in yi magana.