Yadda Mushe Zakariya'u Ya Koya wa Ordinater Gaisuwa

Duk wanda ya saba bin unguwar Zango ta Damagaram da safe ya san Mushe Zakariya'u, wato Malam Zakariya'u a bakin 'yan boko, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan mai furfura a gemu, wanda in ka hango shi alhali kana sauri, sai ka sunkuyar da kai ka faɗa lungu. Ba mugu ba ne, ba ya roƙo, ba ya gulma. Gaisuwa ce kawai. Amma irin gaisuwar da in ya kama ka da ita da hantsi, kafin ya sake ka cikinka ya fara tambayar abincin rana.

A Birni aka haife shi, gidan dukawa. Ubansa ya so ya koya masa yankan fata da ɗinkin jaka, hannun yaro ya ƙi. Abin da ya kwaso daga rumfar tsohon shi ne yadda ake tarbar mai saye, shi ma ya kwaso ya wuce misali. Har yau 'yan gidansu na ba da labarin ranar da naƙuda ta kama yayarsa, aka ce ya ruga ya kirawo ungozoma. Ya ruga ɗin kuwa, ba a ce bai ruga ba. Ya isa, ya durƙusa, ya fara daga ina wuni, ya bi ta kan gajiya, ya gangara ciwon gwiwa, ya tambayi akuyar nan da ta ci leda ko ta warke. Bai kai ga abin da ya kawo shi ba aka aiko wani a ce a bar shi, an sauka lafiya, namiji.

Ya yi lakwal, wato makarantar boko, har ya zauna jarrabawar birebe. Birebe ta ƙi shi. Ya koma, ta sake ƙinsa, suka rabu ba faɗa. Daga nan ya shiga kabu-kabu, wato haya da babur, sai dai moto ɗinsa ba ta iya wuce majalisar dattawa ba tare da ta tsaya ba. Fasinja ya yi ta zungurinsa a baya, in ya gaji ya sauka ya ƙarasa da ƙafa.

Hajiya Lubabatu ce ta rufa masa asiri. 'Yar kasuwa ce da ta buɗe lakwal tata ta kanta a Zango, ta ɗauke shi sirbeyan, wato mai kula da yaron da ya zo da wanda bai zo ba. Aikin ya karɓe shi. Da shi ya yi aure, da shi ya cika gida da 'ya'ya, a cikinsa furfura ta same shi. Matsalar ɗaya ce: in yaro ya yi fashi, Mushe da kansa zai taka ya sanar da uban. Sai ya fita da safe da sunaye cike da aljihu, ya dawo bayan azahar ya zaga gida biyu, na biyun ma bai samu mai gidan ba, maƙwabci ya gaisar.

Hajiya ta yi haƙuri shekara da shekaru. Ran nan sai ga kwalin kwamfuta an sauke a buro, wato ofishin lakwal.

"Mushe," in ji ta, "ga ordinater, an ce akwai wani lojisiyel, wato manhaja, da za a zuba mata, ita za ta riƙa aika wa iyaye saƙo. In ka iya da ita, kai ne sirbeyan. In ta fi ƙarfinka, ɗan ƙanwata ya dawo daga Yamai yana zaman banza, yatsunsa kuma ba sa gajiya."

Mushe ya ce, "Allah ya ja zamanin Hajiya," amma ranar ko gaisuwar la'asar a taƙaice ya yi ta, har mutane suka tambaya ko lafiya.

Wadda ta zo haɗa kayan sunanta Kaltuma, Babarbariya ce mai shagon gyaran ordinater. Da Mushe ya ji asalinta sai ya ƙara mata da "wushe-wushe" a kan gaisuwar Hausa, ta amsa tana kwance waya. Ta zuba lojisiyel, ta buɗe wa malamai, kowane mushe da kowace madam, gurbinsu da lambar sirri, ta jera azuzuwa, ta shigar da lambobin salular iyaye. Tsarin ba wuya: malami ya duba aji ya taɓa sunan wanda bai zo ba a salularsa, sunayen su taru a ordinater ɗin sirbeyan, sirbeyan ya danna koren maɓalli, saƙo ya tafi.

Mushe ya sha fama da ɗan ɓeran nan na hannu. Ɗaga shi yake sama yana nuna gilashi da shi kamar mai canja tashar tele. Amma tsoron ɗan ƙanwar Hajiya malami ne mai kyau, kafin mako ya fita ya iya danna kore.

"'Yata," ya ce, "karanta mini abin da za ta gaya wa mutane."

Kaltuma ta karanta da Faransanci, ta juya masa: "Ɗanka wane bai zo lakwal yau ba."

"Ci gaba."

"Shi ke nan, Baba."

"Ba sallama?"

"Babu."

"Ba ina kwana? Kai! Ko jandarma in ya zo kama mutum ai yana sallama. Magidanci yana zaune cikin iyalinsa, a jefo masa magana kamar an jefi kare?"

"Baba, akwatin saƙon ba ya ɗaukar dogon zance. Ga shi nan, a nan ake rubutawa, amma ka bar shi yadda yake."

Kuskuren Kaltuma ke nan, da ta nuna masa wurin. Ta kwashe kayanta ta tafi wani aiki Dakusa. Mushe ya dawo daga azahar, ya gyara zama, ya fito da yatsa ɗaya. Ya goge Faransancin nan mara kunya, ya rubuta:

"Assalamu alaikum. Lakwal na gaishe da Alhaji. Ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ina kasuwa, ina zafi? Da fatan an tashi lafiya. Allah ya ƙara girma, ya bar zumunci."

Sannan a ƙasa, cikin ladabi, ya kawo maganar yaro bai zo ba. Wani jan rubutu ya fito ƙarƙashin akwatin yana ƙifta ido. Mushe ya dube shi, ya ce jan alƙalami ai tun zamanin birebe yake ganinsa, bai taɓa kashe shi ba. Abin da jan rubutun ke cewa shi ne akwati ya cika. Ordinater ta ɗauki gaisuwa cif, ta zubar da maganar yaro a hanya.

Washegari salular Mutari mai faci ta yi ƙara yana tsakiyar cire taya. Mutari na da ɗa, Suma'ila, wanda ya fi sanin teburin babi-fut, ƙwallon nan ta 'yan tsana da ake murzawa da hannu a bayan kasuwa, a kan bencin ajinsu. Aka karanta wa Mutari saƙo. Ya ce a sake. Aka sake. Mutumin da ko filin jirgi bai taɓa shiga ba, yau lakwal guda ta tashi da safe ta kira shi Alhaji, har tana tambayar gajiyarsa!

To gaisuwa ba a barin ta a ƙasa. Ya gwada amsawa, salula ta ce wannan lamba ba ta karɓar amsa. Sai ya wanke baƙin mai, ya zura rigar Juma'a, ya nufi lakwal.

Mushe ya gan shi, ya ce a ransa: ga uba mai mutunci, ya zo ba da haƙuri kan ɗansa. Suka kama hannu. Suka yi ta yi.

"Mun ga saƙo, Mushe. Mun gode, Allah ya saka."

"Haba, ba komai, Malam Mutari. Ai yi wa kai ne."

Mushe bai tada maganar Suma'ila ba, don a ganinsa an riga an faɗa a rubuce, maimaita wa mutum a fuska cin fuska ne. Mutari bai tada ba, don bai san akwai ta ba. Suka rabu kowa na yaba tarbiyyar ɗan'uwansa.

Haka aka yi ta yi. Iyaye na zuwa amsa gaisuwa, wani har da goro. Mushe ya shiga buro yana baza riga: "Hajiya, kin ga aikin na'ura? Da ni ke bin su, yanzu su ke biyo ni." Yara kuwa suka lura cewa duk ranar da suka tsere, sai su tarar da uba cikin fara'a. Benci ya fara yin fili. Mai babi-fut ya ƙaro teburi.

Wanda ya fasa ƙwan shi ne Alhaji Mahamud mai shagon atamfa, Alhaji na gaske, wanda 'yarsa Balki ko da zazzaɓi sai ta zo lakwal. Ya faɗo buro babbar riga na jan ƙasa, ya tarar da Hajiya da Mushe, ga Mutari a gefe ya zo amsa ta ranar.

"Hajiya, me na yi muku?"

"Subhanallahi, Alhaji, zauna mana."

"Ba zan zauna ba. Kullum a majalisa wannan," ya nuna Mutari da baki, "sai ya zaro salula ya ce a yi shiru, lakwal na gaishe shi. Shi! Ni da nake maƙwabcinku, ni da na ba ku tabarmi ranar walima, ko 'ina kwana' ban isa ba?"

"Alhaji, abin rabo ne," in ji Mutari.

"Rufe mini baki, Alhajin salula!"

Hajiya ta miƙa hannu, Mutari ya ba ta salula. Ta karanta. Ta danna ƙasa tana neman sauran, babu saura. Ta duba na jiya, ta duba na shekaranjiya. Ta cire tabarau a hankali.

"Malam Mutari, ina Suma'ila?"

"Yana aji mana."

"Rabonsa da aji tun ranar da aka fara kiranka Alhaji."

Aka kirawo Kaltuma, ta dawo gari. Ta leƙa akwatin saƙo, ta ga jan rubutu, dariya ta kama ta har sai da ta dafa teburi. Hajiya ko murmushi.

"Mushe," ta ce, "zauna. Goge gaisuwar nan yanzu a gabana, ka mayar da abin da yarinyar nan ta rubuta. Ko ka goge, ko ka ajiye mini makullin buro."

Mushe ya zauna. Ya ɗora yatsa a kan maɓallin gogewa. Ya tuna buhun hatsin gida da ya kusa ƙasa, ya tuna bakunan da ke jiransa. Ya kuma hango kansa yana jifar magidantan Damagaram da magana tsirara kowace safiya, da hannunsa, da sunansa. Yatsa ya ƙi sauka.

Alhaji Mahamud bai ma san ana wani tashin hankali ba, nasa yake yi: "Ni ba ruwana da gogewa. Wanda ɗansa ke yawon banza a gaishe shi, wanda 'yarsa ke zuwa a share shi, wannan wane irin adalci ne?"

Mushe ya ɗago.

"'Yata, na'urar nan dole sai uban wanda bai zo ba take aika wa?"

"A'a, Baba. Ɗan gurbi ne nan, in na sauya sai ta aika wa na waɗanda suka zo."

"To sauya. Wanda ɗansa ya zo, a gaishe shi yadda ya kamata. Wanda bai zo ba, ba za mu zage shi ba, ba za mu jefe shi ba. Mu yi masa shiru."

Hajiya ta daɗe tana juya tabarau. Ta san mazan garin nan, ta san majalisa.

"A gwada," ta ce. "In bai yi ba, Mushe, ka san sauran."

"To ni fa?" in ji Mutari.

Ba wanda ya tanka masa, aka fara yi masa shirun tun daga nan.

Da safe a majalisa saluloli suka yi ta ƙara ɗaya bayan ɗaya. Alhaji Mahamud ya karanta tasa da ƙarfi, har da tsayawa ya amsa kowace tambaya, "lafiya lau, ba gajiya, zafi lokacinsa ne." Mutari ya zaro tasa, ya girgiza ta, ya ɗaga ta sama ko reso ne ya ɗauke, layi ba ya kamawa. Wani ya ce, "Malam Mutari, yau an sauke ka daga Alhaji ke nan?"

Rana ba ta yi zafi ba sai ga kabu-kabu a ƙofar lakwal, Suma'ila a matse tsakanin direba da ubansa, kunne ɗaya a hannun uban. Bayansu ga wasu kabu-kabu biyu da irin wannan lodi. Mutari ya tura yaron aji, ya tsaya har ya ga malami ya cire sunansa daga cikin waɗanda ba su zo ba, sannan ya shigo buro yana haki.

Mushe ya miƙe da fara'a, ya miƙa hannu biyu. "Malam Mutari, ina kwa..."

"A'a, Mushe, riƙe ta baki. Ta salula nake so. Danna."

Mushe ya danna kore. Aljihun Mutari ya yi ƙara. Hajiya, da ke tsaye bakin taga tana kallon bencuna na cika, ta juyo.

"Mushe, gobe ka zo da wuri. Ka biyo ta bayan gari, inda ba mutane."