Ranar da Kaset Ya Daskare a Damagaram

Ban nemi aikin na'urar nan ba, ɗora mini aka yi. Sakatariya ce ni a biron wata ƙungiyar manoma a Zinder, wadda ke haɗa kan masu noman gero da gyaɗa na wajajen Gouna da Dogo da Hamdara. Aikina buga takardu da amsa talho. To amma da yake ina yarinya nakan je hutu wurin gwaggona a Maiduguri, sai magana ta bazu a biro cewa ina jin Ingilishi. Ingilishin nawa kuwa bai wuce na gaisuwa da cinikin tumatir ba.

Wani injiniya ne ya zo daga Yamai ya kafa mana ita a wani ɗan ɗaki mai kilim, wato injin sanyaya iska, ɗakin da ya fi ko'ina sanyi a biron. Akwai babbar ordinatar, wato kwamfutar da ke riƙe da duk aikinmu, a ƙarƙashinta kuma akwai wani akwati mai baki wanda ke haɗiye kaset, kowane kaset kamar tafin hannu. Ya ce kullum bayan an tashi daga aiki, na'urar za ta kwafe komai ta zuba cikin kaset, don ko ordinatar ta mutu kada aikin ya bi ta. Da safe kuma za ta rubuta halin da take ciki a kan allo, sai dai da Ingilishi. Ya tambaya wa ke ji, kowa ya juyo ya kalle ni. A tsaye ya yi mini bayani, jakarsa a kafaɗa, don motarsa na shirin tashi. Abin da na riƙe shi ne in na ga UP lafiya lau ke nan, kuma kada kaset ya ga rana.

Daraktanmu dattijo ne, mutumin Gouna, dogo, mai son a yi komai bisa tsari. Ba abin da ya tsana kamar kilim. Ya ce shi ke kawo sanyin ƙashi, kuma duk sanda zai shiga ɗakin na'ura sai ya naɗe wuyansa da mayafi. Kowace safiya yakan tsaya bakin teburina ya ce, "Ƴata, yaya mutuniyar taki ta kwana?" Ni kuma in ce lafiya, ranka ya daɗe.

Mun taɓa jin kunya sau ɗaya. Wata safiya allon ya ce na'urar tana jiran media. Darakta, wanda ya yi karatunsa da Faransanci kamar kowa a cikinmu, ya ce wannan ai ba ya buƙatar mai fassara, ƴan jarida take jira, watakila daga Yamai aka shirya musu ziyara. Ya koma gida ya sako babbar riga, aka jera kujeru, aka sayo lemu. Da rana ta yi tsaka ba kowa, na kira injiniya. Sai da ya gama dariyarsa sannan ya ce kaset kawai take so a sa mata. Darakta ya ji dariyar nan ta cikin talho. Washegari ya sayo ƙamus na Ingilishi da Faransanci ya ajiye mini, ya ce daga yau ba mai sake kiran yaron nan, mu ma mun je lakkal mun yi karatu.

Da ƙamus ɗin muka ci gaba. Da wata kalma, CLEAN, ta fara fitowa kusa da sunan akwatin, muka duba muka ga tsabta take nufi. Darakta ya ji daɗi, har a taron ma'aikata ya faɗa cewa na'ura da kanta ta yaba da tsabtar bironmu.

Ana tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa, na shiga da safe na tarar UP ta koma DOWN. A gaban lambar kaset ɗin da ke ciki kuma an rubuta FROZEN. Na buɗe ƙamus, na rufe, na sake buɗewa. Daskarewa dai yake nufi.

Ban taɓa ganin fuskar Darakta ta yi haske irin na ranar ba. Ya tara mu a bakin ƙofa ya ce tun yaushe yake faɗa ana ganin tsufa ne ke damunsa, yau ga ƙarfe ma ya kasa jurewa. Ya ce a kashe kilim.

Wanda abin ya fi yi wa ciwo shi ne kontabul ɗinmu mai lissafin kuɗi, wani mai jiki wanda zufa ba ta barinsa ko da damina. Shi ɗakin nan ya zame masa gida na biyu. A can yake ajiye goronsa da ruwan shansa, kuma bayan azahar yakan shiga wai zai duba wani abu a ordinatar, sai ka ji minshari. Ya roƙi Darakta ya yi tunani. Ya ce a garin nan, a watan nan, firijin gidansa ma ya kasa daskarar da ruwa, ina ga kaset. Ya sa na ciro kaset ɗin, ya manna shi a kumatunsa, ya miƙa wa Darakta ya ce ya ji da kansa, da ɗuminsa.

Darakta ya juya shi a hannu ya ce, "Malam, ba ka taɓa ciro nama daga firiji ba? Waje ya saki, ciki dutse."

Ya so a ɗora shi a kan rufin mota ya sha rana. Nan na tuna gargaɗin injiniya, na ce ranka ya daɗe, an ce rana na kashe su. Sai ya ce to zafin jiki ai ba ya kashe komai, da shi ake farfaɗo da ɗan akuya in sanyi ya kama shi. Ya naɗe kaset ɗin cikin mayafinsa ya cusa a hammata, ya koma ofishinsa. Haka ya karɓi baƙi a safiyar nan, hannun hagu a manne da jiki, yana gaisawa da dama kamar mai ciwon kafaɗa. Wani tsoho daga Hamdara har ya ba shi sunan mai ɗori.

Kafin azahar ɗakin na'ura ya koma tanda. Fankokin ordinatar suka dinga gurnani kamar injin niƙa, sai ta fara wani kuka siriri, daga nan ta ɗauke gaba ɗaya. Duk allunan biro suka mutu. A tsakar gida kuwa ga manoma daga Dogo sun zo karɓar iri, suna zaune a gindin bishiyar bedi, ba mai iya duba ko sunan mutum ɗaya. Kontabul ya fito da goronsa a hannu yana nuna wa kowa yadda ya yi yaushi.

Darakta ya kira ni, ya sa na rufe ƙofa, ya ce ƙasa-ƙasa, "Kira shi. Amma ki ce ke kika ga dama."

Na kira. Na karanta wa injiniya abin da na gani da safe, ya saurara, sannan ya tambayi inda kaset ɗin yake. Na dubi Darakta, na ce yana wuri mai ɗumi. Ya ce wane wuri. Na faɗa masa. Allah ya taimake shi bai yi dariya ba, na dai ji yana ta tari.

Ya ce a kunna kilim kafin komai. Sannan ya bi da ni kalma bayan kalma. CLEAN ɗin nan ba yabo ba ne, roƙo ne, akwatin yana cewa kan da yake rubutu da shi ya yi datti. Da ba a goge ba, rubutu ya yi ta ƙin kamawa. Na'urar ta zargi kaset ɗin, ta ware shi gefe don kada a ƙara zuba masa komai kafin mutum ya duba, wannan warewar ita ce daskarewa a bakinsu. Da kuskure ya yi yawa sai ta dakatar da akwatin ma, shi ne DOWN. Ya ce akwai kaset na musamman na goge kai, launinsa daban, ya bar mana shi a kwali. Muka nema, muka same shi da ledarsa a cikin kwalin da kontabul ke ɗora ƙafa in ya shiga duba ordinatar.

Da ɗakin ya huce na tada ordinatar, na sa kaset ɗin gogewa. Akwatin ya haɗiye, ya yi ɗan gurnani, ya tofo shi. Injiniya ya nuna mini inda zan danna, UP ta dawo. Bai bar ni ba sai da na sa sabon kaset, na kuma maido wata tsohuwar takarda daga na makon da ya wuce, ya tabbata abin da aka kwafe yana nan. Wanda ya yini a hammata kuwa ya ce a yi masa ritaya. Mutanen Dogo sun sami irinsu bayan la'asar.

Darakta bai sake tada maganar ba, sai dai ya kafa doka: ɗakin na'ura a kulle, mabuɗi a hannuna, ba goro, ba ruwa, ba kwali. Kontabul ya yi ta zarya wurina, yau ya kawo mini kilishi, gobe ya tuna mini cewa kakarsa da kakata duk daga Barno suka zo. Na ce ba ni na kafa dokar ba. Da ya ga ba ci, sai wata safiya muka tarar ya jawo teburinsa daga ofishinsa ya kafa a baranda, daf da ƙofar. Akwai ƴar tazara tsakanin ƙofar da ƙasa inda sanyi ke tsiyayowa. Ya tuɓe takalma ya jera ƙafafunsa a wurin, ya ci gaba da aikinsa. Darakta ya zo wucewa, ya tsaya ya dube shi, ya ce in ƙashinsa ya fara ciwo kada ya zo neman izinin zuwa likita.