Tafin Hannu a Dagin Baba

Ranar da bizarmu ta fito, ni da maigidana mun koma yara. Ya faɗo gidanmu na Gwallameji yana kaɗa fasfo sama, hularsa ma ya manta ta a cikin keke. Ni kuwa na rangaɗa guɗa har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambayar wa ya haihu. Karatu ya samu a Turai, kuma da ni za a tafi, ni da ban taɓa wuce Jos ba.

Da muka sayo akwatuna, aka ce mana sai mun yi musu alama, don a filin jirgi duk kamarsu ɗaya. Ban ko tsaya shawara ba na ce dagi za mu zana. Kowa ya san dagin Arewa a hula da ƙofar gida, amma ni nawa daban ne, shi ne na saman zaurenmu a Ƙofar Wambai. Baba magini ne, da hannunsa ya fitar da shi da laka. Duk ɗan gidan da zai tashi, ko aure ko aiki, sai Baba ya yi wa dagin sabon yaɓe, mai tafiyar ya dangwala babban yatsansa a gefe tun lakar tana ɗanya. Nawa yana nan tun bikina. Suruki kuwa ba a taɓa ba shi wannan damar ba.

Maigidan ya karɓe fenti, wai shi gwani. Abin da ya zana, wallahi taliyar da ta kife ta fi shi tsari. Na yi dariya har na zauna a ƙasa, shi ko ya dage wai dagin zamani ne.

Sai dai duk wannan rawar kai da muke yi, raina ba a kwance yake ba. Tun da muka kai wa Baba labari, "to" kawai ya ce. Bai hana ba, bai kuma sa albarka ba. Tsoro nake ji ƙwarai in hau jirgi da wannan shirun nasa.

Ana jibi tafiya muka je sallama, maigidan ya sha sabuwar farar shadda. Tun daga bakin lungu na hango tsani jingine a zaure, Baba a tsaye gindinsa, laka har gwiwar hannu. Inna ta raɗa mini cewa tun safe yake kwaɓi, kowa ya gaya masa tsakiyar damina ce, ruwa zai wanke, ya yi kunnen uwar shegu da su.

Muka durƙusa muka gaishe shi. Bai ko dube ni ba, sai ya nuna wa maigidan tsani da haɓa.

"Hau ka sa naka kusa da nata."

Bawan Allah ya haye, baki har kunne. Don tsabar ɗoki, maimakon yatsa sai ya danna tafin hannunsa gaba ɗaya, kuma ba a gefe ba, a kan dagin kansa. Kusurwa guda ta lotse. Inna ta kama baki, ni kuma dariya da kuka suka zo mini lokaci ɗaya. Ya sauko shaddar duk laka, yana ta ba da haƙuri, yana cewa yanzu zai shafe a gyara.

Baba ya daɗe yana kallon wurin.

"Kada wanda ya taɓa shi," ya ce. "Wanda ya ɓata shi ne zai dawo ya gyara. Ka dawo mini da ita, ku same ni ina jira. Allah ya kiyaye hanya."

Shaddar nan ba mu wanke ta ba. Haka na ninke ta da lakarta, na sa a ƙasan akwatin nan mai zanen taliya.