Na Shiga Ƙauye da Kyamara Ban Gaida Mai Gari Ba

Edita, lokacin da abin nan ya faru ni saurayi ne mai ji da kansa, na gama karatun kwamfuta na dawo gida Jega ina zaman jiran aiki. Sai wani babban kamfanin fasaha na ƙasar waje, irin masu yin taswirar da ake dubawa a waya, ya ɗauke ni. Aikin shi ne in goya wata jaka mai doguwar sanda, a kan sandar akwai kyamara mai idanu ta kowane gefe, in hau babur in bi hanyoyin Jega da Aliero da Maiyama tana ɗaukar hoto. Suka aiko min da riga mai tambarinsu da katin shaida. Wallahi har masallacin Juma'a na so in je da rigar nan, kunyar Baba ce ta hana ni.

Ban taɓa ganin shugabana ido da ido ba, yana can wani birni mai nisa, sai dai saƙo. Ainihin mai juya ni wata manhaja ce a waya. Ita ke zana min hanyar da zan bi kullum, ita ke lura da gudun babur, kuma in na jima a wuri ɗaya sai ta yi ja, ta kai ƙarata cewa ina zaman banza. Ranar da zan fara fita ƙauyuka Baba ya kira ni zaure, ya ce kada in kuskura in shiga garin mutane ban fara zuwa ƙofar mai gari na yi gaisuwa na faɗi abin da ke tafe da ni ba, don mutane a tsorace suke. Da farko na bi maganarsa. Amma kun san gaisuwar mai gari ba a tsaye ake yin ta ba. Sai an shimfiɗa tabarma, an kawo fura, an tambayi mutan gida, an aika liman ya zo ya ga abin mamaki. Kafin in tashi wayar ta yi ja wur. Da na yi wa shugaban bayani, sai ya rubuto cewa gaisuwa ba ta cikin aikin, kuma akwai matasa da yawa masu jiran gurbina. Daga ranar na daina tsayawa.

Wata rana da hantsi, lokacin cirar albasa, manhajar ta tura ni wani ƙauye can gaba da Sarandosa. Ban san cewa ba da jimawa ba 'yan bindiga sun kore shanun maƙwabtansu ba, kuma ana ta raɗe-raɗin wani baƙo a kan babur ne ya fara zuwa ya leƙa musu hanya. Ni kuwa ga ni da hular kwano ta rufe fuska, ga sanda mai idanu a bayana. Na bi ta gaban masallaci, na zagaya bayan gari inda turken shanu yake. Sai manhajar ta ce hoton bai fita ba, in sake. Na sake zagayawa. Na ga mata suna kwashe yara suna shigewa gida da gudu, ni a wautata na ɗauka kunyar baƙo ce.

A mafitar gari na tarar an gitta kututture. Kafin in juya babur maza sun kewaye ni da sanduna da adduna, wani ya ɗaga murya ya ce ga infoma, ɗan leƙen asirin 'yan bindiga. Sandar farko a hannun dama ta same ni, na ji ƙas, na kife ƙasa. Na lalubo katin shaida na ɗaga, wani ya fizge ya duba Turancin ya ce ai ga takardar waɗanda suka aiko shi nan. Da hannun hagu na danna wurin neman agaji a manhajar, ta amsa min cewa an karɓi ƙorafina, za a duba a ranakun aiki. Sai na ji wani ya buɗe tankin babur ɗina, warin fetur ya bugi hancina. Edita, ba zan ɓoye ba, fitsari ya kufce min. Bakina yana kalmar shahada, zuciyata tana wurin Inna da na bari tana tankaɗe ko sallama ban yi mata da kyau ba.

Ana cikin haka mai gari ya iso, dattijon da na wuce ƙofarsa ban ko rage gudu ba. Bai kalli katin ba. Ya tambaye ni ɗan wane ne ni. Na faɗi sunan Baba da unguwarmu, na ce fataken albasa a gidanmu suke sauka. Wani tsoho ya matso ya ce shi ma nan yake sauka in ya je kasuwar Jega, amma kowane ɓarawo na iya haddace suna. Ya ce in gaskiya nake faɗa, in gaya masa da wace ƙafa mai gidan ke ɗingishi. Kaina ya ɗauke cak. Mahaifina, wanda nake gani kullum, na kasa tuna ƙafarsa, ga mai fetur tsaye a kaina. Na rufe ido na hango shi yana sauka daga dakalin zaure yana dafa bango, na ce hagu. Tsohon ya gyaɗa kai, ya ce a rufe tankin nan.

Mai gari bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi da na zo ƙofarsa, da shi da kansa zai haɗa ni da wanda zai zagaya da ni. A bayan motar albasa aka kai ni Aliero wurin masu ɗori, Baba ya same ni can. Ana cikin jan hannun ina ihu wayar ta yi ƙara. Na yi zaton shugaban ne ya ji labari. Ashe gargaɗi ne cewa na jima a wuri ɗaya fiye da ƙa'ida, kuma ban kammala hanyar ranar ba. Baba ya tambaye ni ko mutanen kamfanin ne ke yi min jaje.

Na mayar musu da kayansu. Bayan wasu watanni na buɗe taswirar, sai ga hanyar ƙauyen ta fito tsaf, har da matan nan a guje da yara a hannu, an dusashe fuskokinsu. Har yau in na tsaya shan mai warin fetur ya doke ni, sai ranar nan ta dawo min sabuwa.

Ba cewa nake kada matasanmu su yi aiki da manyan kamfanonin nan ba, aiki ne, kuma ana koyon abubuwa. Amma waɗanda suka tsara manhajar ba su san yadda ake shiga garin da ke kwana da tsoro ba, mu ne muka sani. Ɗan'uwa, in aikinka na shiga ƙauyuka ne, ka sauka a ƙofar mai gari, ka cire hula, ka zauna a tabarma, wayar ta yi jan da za ta yi. Ranar da aka kewaye ni, babu ko mutum ɗaya a kamfanin nan da zai iya cewa ya san ubana.