Turaren da Toshie Ba Ta Taɓa Ba

Shekara talatin da takwas Toshie Kumagai ta yi tana dafa shinkafa da miyar kori duk ranar Alhamis, a wani ɗaki da ƙungiyar ɗalibai Kirista ta kama a bayan jami'a, a Morioka. Malama ɗalibai suke ce mata, ko da yake ba ta taɓa riƙe alli ba. Kowane Afrilu takan tsaya a bakin ƙofar makaranta tana miƙa wa sababbin shiga takardar gayyata. Ta raba ɗari biyar, mutum goma su zo. Su ci su yi nak, su buɗe Littafi Mai Tsarki cikin ladabi, in ta tambaya ko za su dawo sai su rusuna su ce, "Za mu yi tunani, Malama." Tunanin da ba a gamawa ke nan. 'Yan kaɗan da suka daure, da sun shiga aji uku sai su zuba baƙar kwat su bazama neman aiki, kamfani ya haɗiye su, ko labarinsu ba a ƙara ji. A duk shekarun nan mutum goma sha ɗaya ta raka har wurin baftisma, kuma huɗu kawai ta san inda suke.

Ita ma a ɗakin nan ta ba da gaskiya, tana 'yar shekara ashirin, a hannun wata Baturiya 'yar mishan mai kirki da saurin yanke magana. Ana saura wata biyu ta gama karatu mahaifiyarta ta rasu a ƙauye. Kafin ta hau jirgin ƙasa ta tambayi Baturiyar batun turaren jana'iza. Matar ko numfashi ba ta ja ba, ta ce bautar gumaka ce, kada ta kuskura.

A wurin jana'iza bi da bi ake kiran dangi da suna. Ka tashi, ka ɗebi ɗan garin turare da yatsu uku, ka ɗaga zuwa goshi, ka zuba a kan garwashi. Aka kira yayanta Shigeru, babban ɗa, magajin gida da gonar tuffa, ya yi nasa. Aka kira Toshie. Ta je gaban hoton uwarta, ta sunkuyar da kai, ta yi addu'a a zuci, ta dawo ta zauna. Hannunta bai taɓa turaren ba, kuma kaf mutanen ƙauyen sun gani.

Shigeru bai ɗaga murya ba. Sai da baƙi suka watse ya same ta tana wanke kofuna.

"Kin tsira da Allahnki, ko?"

"Yaya, ka tsaya ka ji..."

"Uwarmu da ƙarfe huɗu take tashi tsinkar tuffa don ki je jami'a. Yatsu uku, Toshie. Yatsu uku suka gagare ki. Ajiye kofunan nan, akwai masu wankewa."

Maganarsu ta ƙarshe ke nan. Abin da ya rage tsakaninsu katin gaisuwar sabuwar shekara ne, wanda kowa ke aika wa kowa. Nata kullum da layi biyu na rubutun hannu: Yaya, ya ciwon baya, ya tuffa ta yi bana? Nasa kuwa bugun inji ne, babu ko ɗigon biro, irin wanda yake aika wa mai sayar masa da taki. Amma bai taɓa fashi ba. Duk ɗaya ga Janairu yana cikin akwatin wasiƙa, ita kuma ta riƙe shi a matsayin ƙofar da ba a kulle ba. Kowace shekara sai ta ce za ta je ta durƙusa a zauren gidan. Kowace shekara kuma akwai taron bazara, akwai ɗalibar da ke gab da karɓar Almasihu, akwai tsoro, wanda shi ne gaskiyar maganar. Bana dai ta yanke: a Maris za ta ajiye aiki, washegari ta tafi.

Wata Alhamis a tsakiyar Nuwamba sai ga kati, tun lokaci bai yi ba, mai toka-toka a gefe. Kowa ya san irinsa. Gidan da aka yi rasuwa ke aikawa, don kada a yi musu murnar sabuwar shekara. Shi ma bugun inji ne: mijina Shigeru ya rasu ranar tara ga Yuni. Yuni! Wata biyar cur tana yanka albasa tana shirya abin da za ta faɗa masa, alhali tokarsa na cikin kabari.

Ta kira matarsa Fumiko a waya.

"Matar Yaya, ko kare ne ni ai a gaya mini!"

Fumiko ta ce, "Shi ya hana. Tun yana asibiti ya sa na yi alkawari. Ya ce in kin zo dole a kira sunanki. Ya ce, 'Na san taurin kanta, ba za ta taɓa ba. Za ta sake tsayawa ita kaɗai, duk gari na kallonta. Sau ɗaya ya ishe ta.'"

"Haka ya ce?"

"Haka ya ce. Katunanki kuwa suna cikin aljihun teburinsa, ban san yadda zan yi da su ba."

Da ma zaginta ya yi, da ta san inda za ta ajiye shi. Wannan kam ba ta da wurinsa. Ta zauna dirshan a ƙasa ta yi kuka mai ɗaci, tana jin haushin Baturiyar da ta daɗe da komawa ƙasarsu, da haushin Shigeru, da na kanta fiye da kowa. Da yamma ta yi ta tashi ta ɗora tukunya, don Alhamis ce.

Faranti goma sha biyu ta jera, mutum uku suka zo. Cikinsu akwai Nagisa, 'yar aji biyu, wadda ake shirin yi wa baftisma a Kirsimeti. Da sauran suka tafi sai ta tsaya taya ta wanke-wanke, ido jajir.

"Malama, kakana ya rasu jiya. Jibi jana'iza. Turaren nan, in taɓa ko kada in taɓa?"

Toshie ta san amsar da ka, har da ayoyinta, ta ba ɗalibai ita ba sau ɗaya ba. Amma yau ba ita ta bayar ba.

"Akwai waɗanda ke kai fure a maimakonsa," ta ce a ƙarshe. "Amma ki kira mamanki yau, ki gaya mata da bakinki tun kafin a taru. Kada ta gani a gaban mutane."

"Ke ya kika yi, Malama?"

"Ni? An kira sunana sau ɗaya, na tsaya a kan gaskiyata." Ta karɓi farantin daga hannun Nagisa ta goge. "Ba a sake kira ba."