Tsohon da ya hana ƙanena shiga rami

Ana idar da sallar asuba muka bar Gaya ta ƙasar Dendi cikin jirgin ruwan ƴan albasa. Labari ne ya iso mana cewa wani ramin kuza ya rufta a ƙasar Jos da mutanen Dendi a ciki, ga shi ƙanena Hamidu can yake aiki. Inna ta ce in je in gano mata da idona.

Mun gangara Kwara har Yawuri, kullum garin rogo da busasshen kifi. Daga nan kamiyo, wanda a ƙasar Ingilishi suke ce wa lori, ya jijjiga mu zuwa Zungeru, muka hau jirgin ƙasa. A Bukur sanyi ya sa na naɗe rawanina har hanci.

A barikin ƴan kuza na tarar da Hamidu tsugune yana shan gwate. Na zauna a ƙasa ina hamdala.

Washegari ya kai ni bakin ramukan, waɗanda ake kira loto. Kamar rijiya suke, amma a ƙasa sun ratsa gefe. Shugaban su Hamidu, wani tsoho da suke kira da laƙabin aikinsa, Helma, shi ke fara zura fitila da igiya. In ta mutu, iskar ciki ba ta shaƙuwa. In ta ci, sai ya sauka shi kaɗai, ya bubbuga rufin da ƙotar diga yana saurare. Ranar da abin ya faru, rufin ya amsa masa kamar ƙwarya, ya ce ba mai shiga. Mutanen ramin da ke maƙwabtaka da su suka yi musu dariya suka sauka. Allah ya jiƙansu.

Na yi wa tsohon godiya. Ya ce, "Malam, wannan ƙanen naka ya fi kowa zagina ran nan. Matsoraci ya ce mini."

Hamidu ya sunkuyar da kai.

Ya ƙi biyo ni gida, amma ya rantse ba zai ƙara yi wa tsohon gardama ba. Ni ma na koyi cewa dubawa kafin shiga ba ta rage tawakkali.

Da na dawo Gaya na kwashe labarin duka na faɗa wa Inna. Ta ce in gaya mata sunan tsohon, ta riƙa sa shi a addu'a. Sai a lokacin na tuna ban tambaya ba.

Ta ce, "Bari. Wanda zan roƙa ya san shi."