Sojan Takarda

Jikata ce ke rubuta wannan, ni ban san baƙi ba. Jiya a kasuwar Gidan Amumune na ji warin jiƙaƙƙen ƙaro, ana manna hoton soja a bango, sai na tsaya ina kallo.

Ina ƙarama, lokacin yaƙin Nasara, gardi, dogarin Nasara, ya kawo irinsa ya manna a jikin rumbun mai gari. Bazara ce, hatsi ya ƙare, dusa muke ci. Mutumin takardar kuwa kumatunsa cike, ga jar hula, rana na fitowa ta bayansa. An yi shi dogo, dole ka ɗaga kai kafin ka ga fuskarsa. Duk inda ka tsaya, idonsa na kanka. Ba shi da tsaga ko ɗaya, saboda haka kowa nasa yake gani.

Yayanmu ya daɗe yana kallonsa. Da aka zo ɗibar samari, bai gudu daji kamar sauran ba. Aka tafi da shi. Ɗan farin Inna ne, ko sunansa ba ta faɗi.

Da kaka aka kawo wani hoton, sojan na dariya. Kakarmu ta tafa hannu ta ce, "Wallahi shi ne! Ku dubi goshin." Aka ce, to ina tsagarsa? Ta ce, "Ƙiba ce ta shafe ta." Muka yi guɗa, mata suka zo barka. Inna, in za ta rijiya, sai ta ja mayafi ta kau da kai daga rumbun, yadda take yi masa a gida. Amma takan rage sauri.

Yayanmu bai dawo ba. Bayan aurena, maigidana, Allah ya jiƙansa, ya kai ni Tasawa, na ga fuskar nan a shagon wani tsohon soja. Na ce yayana ne. Ya yi dariya har da tari. "Yarinya, a kowane gari yayan wata ne. Ba a haife shi ba, zana shi aka yi."

Kunyar ranar ba ta sake ni ba. Gari guda, mun yi wa takarda guɗa. Da na je gida, Inna ta tambaye ni tana kallon ƙasa, "An ce kin ga wancan. Yana nan da ƙibarsa?" Na ce yana nan.

Jikata ta ce in share hawaye. Na ce ta bar su, ta dai rubuta. Yanzu hotunan a waya suke, suna motsi, yara kuma sun yi karatu. Amma jiya na ga wata mata ta rage sauri a gaban bangon nan, ta kau da kai. Ni ma sai na ja mayafina.